Yaron da na ɓata wa bugu da hannuna

Ƙannena masu ɗaukar jaka a filin golf, musamman ku da kuke sa ran wata rana ku ma za ku koyar, bari in ba ku labarin wani shirme da na tafka.

Ni ma da kadi na fara a Kaduna, ina bin manya ramuka 18 da jaka a kafaɗa, da hannuna ya ɗan faɗa sai aka fara turo min yara. Lokacin kaina cike yake da bidiyon Tiger Woods, a ganina suwing, wato yadda ake ɗaga sanda a kai bugu, iri ɗaya ne a duniya, ka ɗaga sanda har ta kwanta bayan wuyanka sannan ka sauko, duk wanda bai yi haka ba to bai iya ba, shikenan.

Sai aka kawo min wani siririn yaro ɗan shekara 14, in ya ɗaga sandar ƙarfe mai lamba bakwai da ƙyar take wuce kafaɗarsa zai sauko da ita fyau kamar mai faskare, amma fa ƙwallon miƙewa take yi ɗoɗar. Ni kuwa na ce ai ba haka ake yi ba. Wata uku ina kama masa sanda ina tura ta baya ina cewa ƙara, ƙara dai. Ƙwallo ta koma karkata dama tana shigewa bishiyoyi, yaro ya fara dafe ƙugu bayan kowane bugu, ni kuma ina ce masa ragwanci ne. Sai ran nan muna zaune gindin darbejiya ya cire takalmi, na ga idon sawunsa na dama ya fi ɗayan kauri, ashe daga kan mangwaro ya taɓa faɗowa ya karye aka yi masa ɗori a gida, tun daga nan ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa ba.

Daga baya na ji labarin Jon Rahm ɗan Sifen, da ƙafar dama a murɗe aka haife shi, idon sawun ba ya motsi sosai shi ya sa suwing ɗinsa gajere ne, kuma da shi ɗin ya ci manyan gasannin golf, US Open a 2021 da Masters a 2023. Ga Jim Furyk ma na Amurka, sandarsa sai ta yi wani zagaye a sama kamar mai korar ƙuda, babansa ne kocinsa kuma ya bar masa abinsa, a 2016 ya gama ramuka 18 da bugu 58 kacal.

To in an ba ka sabon ɗalibi, ranar farko ka ja bakinka ka yi shiru. Zuba masa ƙwallo 20 ka koma gefe ka kalli inda suke sauka. Sa shi ya tsuguna, ya juya kafaɗa, ka tambaye shi ko ya taɓa karaya ko targaɗe. Ba shi dutse ya jefa ka ga da wane hannu zai ɗauka, don bahago da yawa an hana su hagu tun a gida, kuma da yake sandunan hagu wuya suke a nan sai mu cusa musu na dama. Riƙon sanda da saiti su za ka fara gyarawa, sauran in ƙwallo na tafiya daidai kuma babu inda ke masa ciwo, ƙyale shi.

Shi yaron nawa na ba shi haƙuri na ce koma bugunka na da. Ya yi ta nema sati biyu bai same shi ba, ba na da ba nawa, daga nan ya daina zuwa.