Wa Ya Kamata Ya Yi wa Mai Shaye-shaye Magana a Gida?

A gidajenmu da yawa, ranar da aka gano yaro yana shan tiramadol ko kodin, abin da ke biyo baya shi ne taron dangi: a zaunar da shi a tsakar gida, kowa ya yi masa tatas, sannan a ɗauko Alƙur'ani a sa shi ya rantse cewa ya daina daga yau. Rantsuwar ba ta cika daɗewa ba, kuma dalilin ba taurin kai kaɗai ba ne. Jikin da ya saba da waɗannan ƙwayoyi yakan yi bore idan aka yanke masa su lokaci guda, da ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci na kwanaki, kuma yanke diyazefam ko giya haka kwatsam na iya jawo jijjiga mai hatsari ga rai. Yaron zai koma sha domin ya samu sauƙi, ga shi yanzu ya karya rantsuwa, sai ya ƙara ƙwarewa wajen ɓoyewa.

A ganina, kafin a tsara abin da za a faɗa, a fara zaɓar wanda zai faɗe shi. Uban da ke kunyar ɗan farinsa, wanda ko sunansa ba ya kira, ba zai iya jin cikin yaron a zama ɗaya ba. Amma akwai kaka wadda wasa ke tsakaninta da jikanta, akwai kawu, akwai taubashi, mutanen da yaro zai iya gaya musu gaskiya ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mutum ɗaya ya isa, a keɓe, a lokacin da yaron yake cikin hayyacinsa, domin magana da wanda ya dawo a buge zuba ruwa ne a kwando. Kada a fara da kiransa ɗan ƙwaya. A faɗi abin da ido ya gani: "Na lura kwana biyu ba ka barci, ka kuma rame, me yake damunka?" Daga nan a yi shiru a saurara, ko da amsar farko musu ce, wanda kusan kullum ita ce.

Lamarin 'ya'ya mata ya fi wuya, saboda tsoron kada maganar ta fita ta hana aure yakan sa a rufe ta gaba ɗaya. Alhali rahoton 2018 na binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, suka gudanar a faɗin ƙasar ya ƙiyasta masu amfani da ƙwayoyi sun kai miliyan 14.3, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Sauraro ba ya nufin a ci gaba da ba da kuɗi a hannu. A saya masa abin da yake buƙata, a kuma gaya masa dalili ba tare da gori ba. Barazanar gidan mari kuwa gara a bar ta, musamman bayan abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, inda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato inda likitoci ke lura da mai dainawa har jikinsa ya daidaita, kuma ya dace wanda ya buɗe maganar ya zama shi ne zai raka yaron ganin likita.