Kwanon awo na biyu

Ni dai sana'ata awo ce, dawa da gero da masara, wani lokacin wake idan kaka ta yi kyau. A wani ƙauye nake can cikin ƙaramar hukumar Sumaila, kakanninmu Maguzawa ne, babanmu shi ya fara karɓar bishara a gidanmu, mu kuma a cocin ECWA muka buɗe ido. Ina Zumuntar Mata, ina cikin masu ba da waƙa ma, ranar Lahadi in na ɗaura ankon zumunta ba mai cewa ga aibuna.

Amma kwano biyu gare ni. Duk mai awo ya san zancen nan ko da ba zai faɗa ba. Ɗaya an bubbuga gindinsa ya yi zurfi, da shi nake saye wajen manoma, in zan auna kuma har da tare hatsin da hannu a bakin kwano. Ɗayan an tura gindinsa ciki kaɗan, da shi nake sayarwa. A buhu mai tiya 40 sai in ga tiya biyu ko uku sun fito min a banza, kuma ban taɓa kiran abin sata ba, cewa nake dabarar kasuwa ce, a haka na tarar ana yi.

Wata safiya a addu'ar asuba, an kaɗa tsohon wilin motar nan da muke ratayewa a bishiyar darbejiya a matsayin ƙararrawa, mu bai fi goma ba muka fito saboda sanyi, sai dattijon ikilisiya ya buɗe Karin Magana 11:1 inda aka ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Bai dube ni ba, bai ma yi dogon bayani ba. Ni ce dai na kasa haɗiye yawu. Na dawo gida ina dama koko ina ta ba kaina hujja, ai kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ai ga kuɗin makarantar yara, ai ina fitar da zakka ba fashi. Sai labarin Saul ya faɗo min, shi ma hadaya ya ce zai yi da dabbobin da ya ɓoye, Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya.

Ban daina a ranar ba fa, kar in yi ƙarya. Sai da na ci kasuwa uku ina fama. A ta ukun wata tsohuwa ta zo da gero a ƙullin zani, wai za ta sayi magani wa jikanta, na auna da kwanon sayen ya ba ni tiya huɗu ba kaɗan, ta ce "'yar nan a gida biyar na auna." Na ce mata Iya kwanon gida daban. Ta karɓi kuɗin ta tafi ba musu, ni kuwa daren nan ban runtsa ba.

Washegari na sayi sabon kwano guda. Maigida ya ce ke kika sani, ranar biyan kuɗin makaranta kar ki dube ni, kuma gaskiyarsa ribar ta ragu sosai, zangon nan sai da na sayar da akuya. Wani Malam da rumfarsa ke kusa da tawa ya lura, ya ce Maman Ladi ai mu ma akwai sura guda a kan masu tauye mudu, muka yi dariya, shi ma dai bai ce min kwano nawa gare shi ba.

Abin da na gane, da can ina tashi ne da lissafin nawa zan samu yau, yanzu kafin in ɗora buhu a amalanke nakan ce ya Ubangiji ga kwanon nan, hannuna kar ya wuce bakinsa. Wata ranar har yanzu hannun yakan so tarewa, sabo ne, sai in janye.

Tsohuwar nan na neme ta kasuwa biyu kafin na gan ta, na ba ta kuɗin tiyarta ɗaya, ta daɗe tana kallona ba ta gane ba sai da na maimaita. Kwanon mai zurfin kuwa yana nan tsakar gida, kaji ke shan ruwa a ciki.