Gyaran waya ya kusa raba ɗana da gurbin jami'a

Duk uban da ɗansa ya gama sakandare ya san irin zaman nan. An rubuta JAMB tun wajen Afrilu, WAEC ta zo a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya, daga nan yaro ya dawo gida ya tare, ba aikin fari bare na baƙi. A jira sakamako, in ya fito a jira tantancewa, in an yi ta a jira sunaye. Kafin a ce an shiga aji sai a share rabin shekara, wani lokacin fiye. Matashi mai shekara goma sha bakwai kuwa, da lafiyarsa da waya a hannu, idan ba ka sama masa abin yi ba majalisar bakin layi za ta sama masa.

Shi ya sa ni da mahaifiyarsa muka fara tsara wa babban ɗanmu hutunsa tun yana aji biyu na babbar sakandare. Da safe ya je koyon kwamfuta, tunda JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, da yamma ya tafi hadda. Wannan bai ba mu wahala ba. Hutun bayan kammalawa ne ya zo da abin da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Wani ɗan'uwana da ke zaune a Amurka ya taɓa ba ni labarin yadda suke yi a can. Takardar neman jami'a da da yawa daga cikinsu ke cikewa tana da gurbin da yaro zai lissafa har abubuwa goma da ya yi bayan karatun aji, ko aikin hutu, ko wasanni, ko taimakon al'umma, don haka iyaye suke zama su tsara hutun 'ya'yansu da jami'a a zuciya. Mu nan ba mai tambayar ka wannan. Makinka nawa cikin 400, kana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, me ka samu a tantancewar jami'a, shi ke nan. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Babu inda aka ware wa wanda ya iya ɗinki ko walda maki ko ɗaya. Sana'ar hutu a wurinmu don yaron kansa ake yin ta, don ya san darajar nema, ya kuma tsira daga zaman banza.

Yaron yana son harkar lantarki tun yana ƙarami, injiniyan lantarki ma ya cike a JAMB, sai na ga gyaran waya ya fi dacewa da shi. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani mai shago a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, na kai shi da kaina. Muka yi magana a kan zai koya har zuwa lokacin da makaranta za ta kira, ba albashi, kuɗin mota da na abinci daga aljihuna. Mai shagon ya ce ba komai, ɗa na kowa ne.

Ya fara da shara da aike da kallo. Ba a jima ba aka fara ba shi canjin sikirin da bakin caji, daga baya har falashin. Na san hannunsa ya faɗa ne ranar da wayar mahaifiyarsa ta daina caji. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, ya kwance ta, ya jera 'yan ƙusoshin nan masu kamar ƙwayar gero a kan faranti kowanne a inda ya fito, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya tsoma a sifirit ya goge bakin cajin, ya hura, ya mayar da komai. Da ya jona ta ta kawo wuta, uwar har da guɗa. Ni ma na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina lallai mun dace da zaɓi.

Kasuwa kuwa tana da nata tsarin da ba ya cikin yarjejeniyar kowa. Wanda aka gyara wa waya yakan miƙa wa yaro ɗan ihsani. Oga idan zai fita sai ya bar masa teburin, abin da ya shigo a ba shi wani abu. Sannan ga dillanci: wani ya zo neman waya ta hannu, yaro ya zagaya shaguna ya samo masa, ya ci la'ada gaba da baya. Sai muka fara ganin sabon takalmi, yana shigowa da burodi da ƙwai, yana saka wa ƙanwarsa data. Dawowar da yake yi kafin magariba ta koma bayan isha'i. Duk sanda na tambaye shi labarin makaranta sai ya ce, "Abba, ba su saki sunaye ba tukuna." Yaro ne da bai taɓa yi mini ƙarya ba, ba ni da dalilin ƙin yarda.

Wani maƙwabcinmu ne ya tare ni a ƙofar masallaci yana fara'a, ya ce Malam ina taya murna, ashe yaranmu tsangaya ɗaya suka samu. Ɗansa ne ya ga sunan nawa a jerin da jami'ar ta fitar. Na amsa da madalla, amma ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Da yaron ya shigo da dare na ce ya buɗe mini shafinsa na CAPS, wato shafin JAMB da ake ganin gurbi a karɓa ko a ƙi, a gabana. Ya daɗe yana juya wayar kafin ya buɗe. Ga shi nan ƙarara an ba shi abin da ya nema, injiniyan lantarki, ga wurin karɓa ga wurin ƙi, bai taɓa ko ɗaya ba. Makonni ke nan da ya gani. Karɓar nan kuwa tana da wa'adi, in ya wuce gurbi ya tafi ga wani, kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, sai dai a sake sayen fom baɗi a sake zama. Ga dubban yara masu maki mai kyau suna zaune a gida suna neman irin gurbin nan ido rufe, nawa kuma ya samu ya ajiye yana jiran ya lalace da kansa.

Na so in yi faɗa, sai ya riga ni magana, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce, "Abba, mai POS ɗin bakin layinmu digiri gare shi, ya yi bautar ƙasa. Oga ko sakandare bai gama ba, ya gina gida ya sayi mota. Shekara biyar zan yi, in an yi yajin aiki ta zama shida, in fito in zo ina neman aikin dubu saba'in. Ni yanzu akwai watan da nake samun fiye da haka."

Maganar ta dake ni, domin babu ƙarya a cikinta. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yana gani da idonsa yayyen abokansa suna zaune a gida. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma ya san abin da buhun shinkafa ke ci a ciki. Ni da na yi digirin, ya san yadda ƙarshen wata yake zuwar mana a gidan nan. Duk wanda ya ce zai shawo kan yaron zamanin nan da "ilimi gishirin zaman duniya" kawai, bai zauna da wanda ya fara ƙirga kuɗin guminsa ba. Daren nan ban iya ce masa komai ba sai "je ka kwanta".

Abin da ya fi ƙona mini rai na ji shi ne washegari daga bakin mahaifiyarsa, bayan ta lallaɓa shi. Ogan ya san an ba shi gurbin tun ranar farko. Shi ne ya ce masa ya bari sai baɗi, ya yi masa alkawarin teburinsa na kansa a shagon. Na je na same shi. Ko a jikinsa, har da ba ni kujera da ruwa. Ya ce, "Alhaji, yaron nan hannunsa na da albarka, irinsu ba a sakinsu. Boko ai ba gudu yake ba." Na ce masa amana na kawo maka, da bakinka ka ce ɗa na kowa ne, da ɗanka ne za ka ba shi wannan shawarar ba tare da sanin ubansa ba? Sai ya hau cewa shi taimako ya yi niyya. Ban ce mugu ba ne, ya koya wa ɗana aiki tsakani da Allah, wannan ba zan ci masa ba. Amma ya samu yaro mai hannu da amana wanda ba ya biyansa albashi, kuma ya duba shagonsa kafin ya duba yaron. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yayana ne ya warware matsalar, kuma na lura dalilin da ya sa maganarsa ta shiga inda tawa ba za ta shiga ba shi ne shi ba ɗan boko ba ne. Tun yana saurayi yake Kantin Kwari, ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Ya zo gidan da kansa, ya sa aka kira yaron, bai zage shi ba, bai kuma kushe sana'a ba. Ya ce masa kasuwa ta yi masa komai a rayuwa, amma duk takardar da ta zo daga banki ko kwastan ko masu kaya na Sin sai ya nemi wanda zai karanta masa, ya biya shi, ya kuma yarda da duk abin da ya faɗa ko da cutarsa ake yi. Ya ce wayar da kake gyarawa yau, nan da 'yan shekaru wata iri za a kawo, wanda ya san abin da ke cikinta ne zai ci gaba da ci, wanda ya iya canjin sikirin kaɗai kuwa yara za su taso su ture shi. Sannan ya ce, "Wa ya ce maka sai ka bar ɗaya za ka riƙe ɗaya? Ɗaliban can ba sa fasa sikirin ne?" Yaron ya ɗago ya ce, "Baffa, to zan iya tafiya da kayan aikina?" A nan wurin, muna zaune mu uku, ya danna karɓa. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Yanzu yana aji biyu a jami'a. A ɗakin kwanansu shi ne mai gyaran waya, rabin kuɗin rajistar bana ma shi ya biya. Amma ban manta cewa da maƙwabcin nan bai yi mini murna a ƙofar masallaci ba, da sai dai in ji labari bayan wa'adi ya wuce.

Masu tambayata ko su kai 'ya'yansu koyon sana'a a wannan hutun, ina ce musu su kai, ko gobe aka dawo da ni baya zan kai nawa. Sai dai "har makaranta ta kira" ba magana ba ce, domin yaro da ogansa ne kaɗai za su san ta kira. A yanka wata takamaimai a gaban mai shago da yaron da wani shaida, a ce daga ranar nan sai Asabar da Lahadi. A kuma yi maganar kuɗi tun farko, don zai samu ko an ce ba albashi. Nawa zai riƙe, nawa zai ba uwarsa ta ajiye masa ko ta zuba masa adashi da sunan kuɗin rajista da kwamfuta. Yaron da ya san kuɗin da yake tarawa na makaranta ne, zuciyarsa tana makarantar ko yana tsakiyar kasuwa. Wanda kuwa kullum yake kwana da su a aljihu, lissafi daban yake yi.

Shafin CAPS kuma kada uba ya bar wa yaro shi kaɗai, ko da uban bai iya kwamfuta ba. A rubuta imel da kalmar sirri a ajiye a gida, a samu wani babba ya riƙa leƙawa duk mako tun daga ranar da aka yi tantancewa. Layin wayar da aka tura lambar NIN da shi zuwa 55019 aka karɓi lambar da ake fara rajistar JAMB da ita, a adana shi, kada ya bi yaro kasuwa inda ake cire layi a saka a wayoyin mutane ana gwaji. Sakamakon WAEC ko NECO idan ya fito a kai shi cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora, don ba a ba da gurbi ba tare da shi ba. Duk waɗannan yaron ya sani sarai, ya fi ni sani ma. Nawa ba rashin sani ne ya hana shi dannawa ba.

Ƙanwarsa ce yanzu a aji biyu na babbar sakandare, ita likitanci take so. Hutun nan tana zuwa ɗinki wurin wata gwaggonta a nan unguwa daga safe zuwa azahar, da yamma ta koya wa yaran islamiyya karatu. Mahaifiyarta ta riga ta zauna da gwaggon, an faɗi watan da za a tsaya, kuɗin kwalliyar da take samu kuma yana shiga asusun da uwar ke riƙe da makullinsa. Ogan yayanta har yanzu yakan kira shi idan aiki ya yi masa yawa, har a tsakiyar zangon karatu. Na ce wa yaron lokacin hutu ya je ya taya shi, yana da haƙƙin koyarwa a kansa, amma idan ya kira ana dab da jarrabawa ya ba shi lambata ya kira ni.