Tsohon da bai taɓa karɓar albashi ba fa?

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum.

Wata tsohuwa maƙwabciyata a nan Afirka ta Kudu ce ta sa na rubuto muku. Aikatau ta yi duk tsawon rayuwarta, ba ta taɓa riƙe takardar albashi ba. Amma farkon kowane wata takan ɗaura ɗankwalinta, ta ɗauki katinta ta je ta ciro kuɗin tsufa. Da shi take sayen maganin hawan jini, da shi take riƙon jikokinta biyu. A nan duk ɗan ƙasar da ya kai shekara 60, mace ko namiji, in dai samunsa bai taka kara ya karya ba, gwamnati na biyansa daga kuɗin haraji.

Na san wani zai ce ai su suna da arziki. To, Lesoto fa? Ƙaramar ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi, amma tun 2004 take biyan tsofaffin da suka kai 70. Botswana kuwa tun 1996 ta fara, daga shekara 65.

Mu in an tashi gyaran fansho, mai albashi kawai ake tunawa. Tsarin asusun kowa da nasa, wanda Najeriya ta ɗauka a 2004, daga Chile aka kwaikwayo shi, su da suka fara a 1981. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, a 2008, zamanin shugabar ƙasarsu Michelle Bachelet, su kansu sai da suka ƙara masa wani ginshiƙi daga baitulmali, wato fanshon da gwamnati ke biyan tsofaffi marasa ƙarfi. Sun ga mata da masu aikin hannu suna tsufa asusunsu ba komai, domin wanda ba a yankar albashinsa duk wata, me zai tara?

Ban manta ranar da na raka mahaifina tantancewar 'yan fansho ba, fayil a hammata, rana na dukansa, ƙafafunsa sun kumbura saboda tsayuwa. Wannan ya ƙona mini rai, kuma dole a gyara shi. Sai dai yayansa, wanda ya shekara 50 yana noma, ko layin da zai tsaya bai da shi. Har ya rasu 'ya'yansa yake kallo, su ma da ƙyar suke riƙe kansu.

Don Allah in masu neman ƙuri'a suka zo da zancen fansho, ku tambaye su manomi da mai talla da makaniki, a shekara nawa za a fara biyansu, kuma daga wane asusu.

Naku,
ɗan uwanku daga Afirka ta Kudu