Ba a koya wa tantabara hanyar gida

Wanda bai taɓa shiga harkar tantabarun tsere ba yakan ɗauka mai horar da su hanya yake nuna musu. Ko kusa. Lokacin da nake karatu a Beljiyam na yi wa wani dattijo aiki, ina kankare masa ɗakunan tantabaru ina ɗaukar kwanduna, kuma a wurinsa na gane cewa kusan duk aikin a cikin gida yake ƙarewa. Sanin hanya da shi Allah Ya halicci tsuntsuwar. Abin da ke hannun mai kiwo shi ne lafiyar jikinta, da dalilin da zai hana ta sauka ko'ina sai ɗakinta.

Beljiyam ce cibiyar wannan wasa tun ƙarni na 19. Ana loda tantabaru a manyan motoci a kai su garuruwan Faransa irin su Noyon da Bourges da Limoges, a sake su lokaci guda, kowace ta kama gabanta. Babbar gasar ita ce ta Basalona, mai nisan sama da kilomita 1,000. Da yake gidajen ba nisansu ɗaya ba, ba wadda ta riga isowa ce ke lashewa ba. Ana raba tazarar da ke tsakanin inda aka sake su da gidan mutum da lokacin da tsuntsuwarsa ta ɗauka, a ga mita nawa ta ci a minti guda.

Horo yana farawa tun suna 'yan shila. Da sun kai kamar mako guda ake sa musu zobe mai lamba a ƙafa, kafin ƙafar ta yi girma ya ƙi shiga. Wajen mako huɗu sai a raba su da iyaye, a kai su nasu ɗakin, a riƙa ajiye su cikin keji a kan rufi tun fikafikansu ba su yi ƙwari ba. Ba abin da suke yi sai kallo: bututun hayaƙin maƙwabta, hasumiyar coci, layin bishiyoyi. Dattijon ba ya bari a yi hayaniya a tsakar gida a kwanakin nan, don ɗan shilar da ya firgita ya tashi kafin ya san rufinsu, shi ke nan an yi asararsa. Inda tantabara ta fara tashi, da wuya ta yarda da wani wuri. Shi ya sa 'yan kasuwar Chana da suka sayi wata tantabarar tsere mai suna Armando a kan Yuro miliyan 1.25 a 2019, da wata mai suna New Kim a kan miliyan 1.6 a 2020, ba don tsere suka saye su ba. Iri suke nema, 'ya'yan da za su buɗe ido a sabon gida.

Daga nan sai fita da kwando. A kai su 'yan kilomitoci kaɗan a sake, gobe a ƙara nisa, a hankali har a kai hamsin, har ɗari. Na sha tsayawa a bakin gona ina kallon su: su yi sama, su kewaya sau biyu ko uku, can sai garken ya miƙe kamar an ja zare. Sau da yawa kafin in koma da mota suna ciki suna shan ruwa.

Wannan kewayen ne ya kai ni ɗakin karatu. A shekarun 1950 Gustav Kramer na Jamus ya ce tsuntsu yana buƙatar abu biyu, taswirar da za ta gaya masa inda yake, da kamfas da zai nuna masa inda zai dosa. Kamfas ɗin farko rana ce. Klaus Schmidt-Koenig ya kulle tantabaru a ɗakin da aka gusar da lokacin kunna fitila da awa shida, da aka sake su sai suka kauce wa hanya da kusan digiri 90, daidai da tafiyar rana a awa shida. Kamfas na biyu maganaɗisun ƙasa ne. A 1971 William Keeton na Jami'ar Cornell ya ɗaura musu maganaɗisu a baya, ya ga ranar da gajimare ya rufe sama sukan rikice, ranar da rana ta fito kuma ko a jikinsu. Floriano Papi a Pisa ya nuna cewa wadda aka hana jin ƙamshi takan kasa gane hanya daga baƙon wuri. A 2004 kuma Tim Guilford da abokan aikinsa na Oxford suka bi su da na'urar GPS, suka tarar idan sun shigo yankin da suka sani har titin mota suke bi. Na karanta wa dattijon wannan, ya gyaɗa kai ya ce duk ya yarda, amma in je in sauya ruwan sha. Ban ji haushi ba, domin cikin duk abin da na lissafa babu ɗaya da zai iya ƙara wa tsuntsuwa, ruwan kuwa yana iyawa.

Abin da ya fi ba ni wahalar koyo shi ne shiga. Tsere ba ya ƙarewa don tantabara ta sauka a rufi. Sai ta ratsa ƙofa, na'ura ta karanta zoben lantarkin da ke ƙafarta. Tsuntsuwa tana iya cin kilomita 500 ba hutu, ta zo ta zauna a rufi tana gyaran gashi na minti biyu, ɗaruruwa su wuce ta a lissafi. Maganin wannan tun a kwanon abinci ake yin sa. Ana sakin su motsa jiki kafin su ci, a kira su da karkaɗa gwangwanin masara da fito iri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya. Mai son tsuntsayensa har ya cika musu kwano ko yaushe ya cuce su. Akwai kuma dabarar raba namiji da matarsa duk mako, a nuna masa ita na ɗan lokaci kafin a sa shi a kwando, ya dawo ya same ta a gurbi. Tana aiki ƙwarai, ban musa ba, sai dai har yau raina bai kwanta da ita ba.

Sauran duk aikin hannu ne da ido. Kowace safiya dattijon zai duba kashinsu kafin ya dubi su kansu. Ya kama ɗaya, ƙafafunta tsakanin yatsunsa biyu, ya shafa naman ƙirji, ya buɗe baki ya leƙa maƙogwaro ko akwai ɗigon rawaya na cuta, ya baza fiffike ya ƙirga gashin da ya zube. Ɗaki ya zama busasshe, iska na shiga, ba cunkoso. Ni kuma kullum da takunkumi nake kankara, domin ƙurar jikinsu tana lalata huhun mutum.

Ba duka ke dawowa ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Shaho yana ɗauka, wayar lantarki tana karya fiffike, hazo da iska mai bugun gaba suna watsa garke, musamman matasan shekarar farko. Na ga masu kiwo da ke tura kowace tsuntsuwa kowane mako, wai wadda ta ɓata dama ba ta da amfani. Ban yarda da su ba. Dattijona yakan duba hasashen yanayi daren lodi, ya sake taɓa kowace da hannunsa, wadda ƙirjinta ya ɗan saki ya mayar da ita gurbi ko da ya riga ya ci buri a kanta. Akwai makon da zafi ya yi tsanani, maƙwabta suka kai nasu wurin lodi, shi ko kwando ɗaya bai fitar ba, ya ce in cika musu baho su yi wanka.