Godiya ga waɗanda suka raba mu da haɗa fulofi da hannu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, aikin da ya hana mu sakat ya kammala. Yanzu umarni ɗaya ke haɗa fayil ɗin fulofi (fayil mai kwaikwayon tsohon faifan floppy), ya zuba masa kaya, ya miƙa wa QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, kwamfutar gwaji ta tashi ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Wani zai ce me ya haɗa mu da fulofi, alhali Sony ma ya daina yin sa tun 2011? Tsohuwar manhajar da muke gwadawa Windows XP take so, shi kuwa XP lokacin sanyawa, in ka danna F6 don ba shi direban faifai, fulofi kawai ya sani. A can kuma yake duba winnt.sif, fayil mai amsa masa tambayoyin sanyawa.

Babbar godiyata ga abokiyar aikinmu da ta nuna mana mtools, tarin umarnai na aiki da faifan fulofi. A da sai mu yanka fayil da dd, mu tsara shi da mkfs.fat, sannan mu liƙa shi a Linux, wato mu buɗe shi kamar folda, kafin mu kwafa. Liƙawar nan na buƙatar izinin root, wato na mai cikakken iko a kan kwamfuta, sabar da ke gina mana kaya kuma ba ta bayarwa, kuma gaskiyarta ce. Nan muka maƙale. Abokiyar aikin tamu ta ce a bar liƙawa gaba ɗaya: umarnan mformat da mcopy na mtools suna rubutu kai tsaye cikin fayil in an ba su zaɓin -i. Hajiya, Allah ya ƙara basira.

Sai malamin da ya raba dare da mu yana binciken dalilin da ya sa kwafi ke tsayawa alhali akwai sauran wuri. Ashe a tsarin FAT12 na fulofin 1.44MB, babbar folda gurbi 224 kawai gare ta, kuma dogayen sunaye na cin gurbi fiye da ɗaya. Shi ya sa mu gajarta sunayen, ya kuma ƙara sharaɗin da ke tsayar da aiki in girman fayil ya kauce wa bayit 1,474,560, wato sekta 2,880. Malam, mun gode da haƙurinka.

Ba na mantawa da masu kula da mtools da QEMU, waɗanda ba su san mu ba amma muke cin guminsu kyauta. Masu jiran sakamakon gwaji kuma, kun yi haƙuri da jinkirinmu. Allah ya saka wa kowa da alheri.