Ƙwayar da na raina don ban ji aikinta ba

Ƙannena da 'ya'yana, in akwai mai ciwon rikicewar bugun zuciya a gidanku, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, ku karanta wannan kafin ku sake duba masa magungunansa.

Lokacin da aka gano ciwon a jikina, zuciyata tana faɗuwa kamar tsuntsu ya shiga ɗaki yana neman mafita. Likita ya rubuta mini magani iri biyu. Na farko bisoprolol, mai rage saurin bugun. Na biyu apixaban, maganin tsinka jini, safe da dare. Cikin 'yan kwanaki ƙirjina ya lafa, na koma hawa bene ba haki. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa na farkon ne ke aiki, na biyun kuwa ƙari ne kawai, tunda ban ji ya canza mini komai ba. Na ajiye shi.

Abin da ban gane ba shi ne, a wannan ciwon ɗakunan zuciya biyu na sama ba sa matsewa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. Jini sai ya kwanta a wani ɗan lungu na ɗakin hagu ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle, yana iya nufar ƙwaƙwalwa ya toshe hanyar jini. Mai wannan ciwon ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki 5. Bisoprolol ba ya hana wannan, haka ma digoxin da diltiazem, waɗanda su ma rage saurin bugun suke yi. Ko amiodarone, da ake bayarwa don maido da tsarin bugun, ba ya maye gurbin maganin tsinka jini. Kuma apixaban ba ya daɗewa a jiki: ka tsallake kwana ɗaya ko biyu, kariyar ta tafi.

Mako uku bayan nan, ina riƙe da kofi da safe, sai kawai ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira matata, harshe ya yi nauyi, kalmar ta ƙi fita. Ta ce bakina ya karkace. Bayan kamar minti 20 komai ya dawo, amma a asibiti aka shaida mini cewa gargaɗi ne, na gaba ba lalle ya sake ni ba. Har yau in na tuna fuskarta a ranar, jikina yakan yi sanyi.

Kuskurena na biyu ƙarami ne a ido. Bayan na koma shan apixaban, gwiwa ta dame ni, na sha ibuprofen ban tambayi kowa ba. Dasashina ya fara zubar da jini, bayan gida ya koma baƙi. Ibuprofen da diclofenac da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, don haka a tambayi likita ko da ciwon kai ne.

Masu shan warfarin kuwa, wani maganin tsinka jinin, kada su yi wasa da gwajin INR, wanda ke auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Galibi ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su metronidazole, suna iya ɗaga shi. In tsohonku ya ce ya ji sauƙi zai daina shan ƙwayar, ku raka shi wurin likita ya faɗi haka a gabansa.